An Wanke Maka Kwabbanka, Yaya

Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, da hantsi, ina tsaye a bakin teburin guga a gidan wankin da nake aiki, sai babban ɗanka ya kira ni a waya. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba. Ya ce, "Kawu, Baba ya cika." Na ce to. Na ajiye wayar, na ƙarasa hannun rigar da ke gabana, na rataye ta, sannan na zauna a kan kwandon kayan wanki. Wanda ya ba mu aronka ya karɓi abinsa. Mu ma da muka saura hanyar ke nan, kira kawai muke jira.

Ba uwa ɗaya ta haife mu ba, ba ma gari ɗaya muka fito ba. Amma a ƙasar da mutum zai yi mako bai ji an yi masa magana da harshen uwarsa ba, duk wanda ya girme ka kuma ya riƙe ka, yayanka ne. Shi ya sa nake ce maka Yaya, 'ya'yanka kuma suke ce mini Kawu. Sauran jama'a Mai-Kwabbai suke kiranka, wasu don girmamawa, wasu don tsiya, kai kuwa duka kana amsawa da fuska ɗaya.

A asibiti, lokacin da muryarka ta fara ƙanƙancewa, ka kama hannuna ka ce, "Abu ɗaya nake roƙonka. Kada kwabban nan su shiga wutar masu narka ƙarfe. Ka sa su a hannun babban yaron nan, ka koya masa abin da na koya maka." Na ce na ɗauka. To wannan rubutu ta'aziyya ce ga iyalinka, amma kuma bayani ne nake kawo maka a kan amanar da ka bar mini, domin abin bai tafi yadda ka so ba, kuma kai ba mutum ba ne da ake rufe wa gaskiya, ko da kana kwance a ƙasa.

Bari in fara daga inda muka haɗu, saboda masu karatu da ba su san ka ba.

Sana'arka gyaran injinan da ake jefa wa kwabo. Injin wanki, injin sayar da ruwan sha, sikelin auna nauyin mutum, duk wani inji mai ɗan tsagi a goshi wanda ba ya motsi sai an ba shi kuɗin ƙarfe. A gidan wankinmu akwai irinsu a jere. Wata rana ɗaya ya shaƙe, ya ƙi karɓa, ya ƙi mayarwa, mai gidan ya kira mai gyara. Ka shigo da jakarka ta fata wadda ta ci duniya, ka durƙusa, ka kwance murfin, ka zura ɗan hantsaki ka zaro wani farin kwabo da ya maƙale a maƙogwaron injin. Ka riƙe shi ta gefe da yatsa biyu, ka ɗaga shi wajen haske, sai na ji ka ce da Hausa tsantsa, "Kai kuma daga ina ka fito, bawan Allah?"

Ni da na yi wata da watanni ban ji Hausa a wurin nan ba, sai na saki dutsen guga na fara ba ka labarin garinmu. Ka juyo ka dube ni, ka ce, "Malam, da kwabon nake. Amma tunda ka amsa, kai ma zo in duba ka."

Tun daga ranar ka duba ni, ba ka kuma ajiye ni ba.

Kai ka nuna mini cewa kowane irin injin nan yana da alƙali a cikinsa. Kwabo zai gangaro ta wata 'yar hanya, a gwada faɗinsa, a gwada nauyinsa, ya wuce ta gaban maganaɗisu. Wanda bai cika sharaɗi ba a tunkuɗe shi gefe, ko ya tsaya ya toshe hanya. Mutane kuwa ba sa gajiya da gwada sa'a. Wani zai jefa maɓalli, wani ɗan faifan ƙarfen da ake sa wa kusa, wani tsohon kwabon da ya tsinta a akwatin kakarsa, na wata ƙasa, na wani zamani. Sauran masu gyara zubar da su suke yi a kwandon shara. Kai sai ka sa a aljihun rigarka na ƙirji, ka kai gida. Ka taɓa ce mini, kana dariya, "Ni da kai da waɗannan duk jirgi ɗaya ya kwaso mu. Mun zo inda ba a san darajarmu ba, muka toshe wa mutane hanya." Ban yi dariya ba a lokacin, don ni maganar ta taɓa ni a inda yake ciwo. Kai kuwa ba da ɗaci ka faɗe ta ba. Ban taɓa gane yadda aka yi ka yi zaman baƙunta irin nawa, ka sha wulaƙanci irin nawa, amma zuciyarka ba ta yi tsami ba.

A cikin kuɗin ƙarfe duka, babu wanda ya kama ranka kamar na farin ƙarfen nan da ake kira nikel. Na taɓa tambayarka me ya sa ba ka bi azurfa ba, kamar masu hankali. Ka ce azurfa kuɗin ɓoyo ne, ana ƙulle ta a tsumma a binne. Nikel kuwa kuɗin hannu ne, shi ya yi yawo a aljihun lebura da tafin mai sayar da gishiri. Ka ce kai mutane kake so ka taɓa, ba dukiya ba.

Ɗakin da ka ajiye su ba ɗaki ba ne a gaskiya, ma'ajin kaya ne a bayan kicin, mai taga ɗaya ƙarama. Mutum biyu in suka zauna sai gwiwa ta taɓa gwiwa. Ka haɗa akwatin katako da hannunka, mai durowa sirara a jere tun daga ƙasa har ƙirjin mutum, kowace ka shimfiɗa mata ƙyallen tsohon bargo, ka yanka wa kowane kwabo gurbinsa. A kan tebur akwai ɗan sikeli, da gilashin ido ɗaya irin na masu gyaran agogo, da maganaɗisu da ka ciro daga wani mataccen inji ka ɗaure da zare. Shi ke nan kayan aikin. Babu rubutu ko ɗaya a jikin durowa, babu lamba. Tsarin duka a kanka yake. Ka raba su da irin ƙarfe tukuna, sannan da yanayin gefe, sannan da shekara, kuma in aka rufe maka ido za ka miƙa hannu ka ɗauko wanda aka ambata. Na sha ce maka ka rubuta. Ka ce in ka rubuta za ka daina tunawa.

Maiɗakinka, wadda nake kira Yaya Babba don ita ce mai mulkin gidan a zahiri, takan leƙo da shayi ta ce, "Ga masu kuɗin unguwa. Ɗaki cike da kuɗi, ko ashana ba sa saya." Kai kuma ka ce, "Ki yi haƙuri, ranar da duniya ta juya da baya mu ne attajirai." Ta ce, "To kafin ta juya, a zo a gyara mini famfo."

A ɗakin nan ka koya mini duba kwabo. Ka ce ido na farko maƙaryaci ne. Ka ajiye mini guda biyu, zane ɗaya, girma ɗaya, ka ce in bambanta su. Na juya, na juya, na ce tagwaye ne. Ka sauko da maganaɗisu a kansu, ɗaya ya yi tsalle ya manne, ɗaya ya kwanta abinsa kamar bai ji ba. Ka ce wanda ya manne nikel ne zalla, ɗayan kuwa an gauraya shi da jan ƙarfe, fari ne a fuska kawai. Ka kuma gargaɗe ni cewa baƙin ƙarfe ma yana mannewa, don haka bayan maganaɗisu sai sikeli, bayan sikeli sai kunne. Ka koya mini in ɗora kwabo a kan yatsa in ƙwanƙwasa shi da wani in saurari kukansa. Ka koya mini shafa gefe da farce, in ji ko sumul ne ko mai tsage-tsage. Ka nuna mini ɗan harafin nan da ke ɓuya a ƙarƙashin zane, ƙanƙane kamar ƙwayar yashi, wanda yake faɗin gidan da aka buga kwabon. Ka ce akwai shekarun da yaƙi ya cinye nikel, masu buga kuɗi suka koma wani ƙarfe suka bar zanen yadda yake, saboda haka kwabo yana iya ba ka labarin yunwa da tsoro in ka iya tambayarsa.

Doka ɗaya ce a ɗakin wadda ba ka yi mata sassauci: ba a wanke kwabo. Ranar farko na ɗauki wani da ya yi duhu na fara goga shi a jikin rigata, kamar yadda kowane ɗan adam zai yi. Ka buge mini hannu har sai da ya yi zafi. Ka ce, "Furfurarsa za ka aske masa? Shekara nawa ya yi yana tara ta?" Sannan ka kwantar da murya ka yi mini bayani. Dusashewar nan da shekaru suke shafa wa ƙarfe ita ce shaidar kwabo. In aka goge ta, an bar ƙananan ƙarce da ido ba ya gani amma gilashi yana gani, kuma duk masanin kwabo da ya ɗora ido a kai zai ture shi gefe. Ni mai wanki da guga ne, rayuwata duka a kan cire dauɗa take. Sai da na zo wurinka na san akwai dauɗar da take mutunci.

Ina so mutane su san wane ne kai, don haka zan faɗi abin da na gani da idona.

Akwai wani kwabo da ka yi shekaru kana nema. Ka yanka masa gurbi a durowa ta sama tun kafin ka same shi, gurbin yana nan a buɗe kamar wawulo. Wata Asabar muna kasuwar tsofaffin kaya, wata tsohuwa ta zo da gwangwanin biskit cike da tarkacen mijinta da ya rasu. Ta ce gida take sharewa, duk wanda yake so ya ɗauka, gwangwanin kawai zai bar mata. Ka zuba su a kan hankici kana tonawa da yatsa, sai na ga hannunka ya tsaya. Na san ka gan shi. Na taka maka ƙafa a hankali, ma'ana ka yi shiru ka kwashe. Ba na jin kunyar faɗin haka, kowa a kasuwar nan abin da zai yi ke nan. Kai kuwa sai ka ɗago ka ce mata, "Iya, wannan ɗaya ba na kyauta ba ne." Ka naɗe mata shi a takarda mai laushi, ka yi mata kwatancen shagon da za a saya da gaskiya, ka gaya mata abin da za ta ce in sun nemi su raina mata hankali, ka ja mata kunne kada ta bari kowa ya goge shi. Ta ce to kai ka saya mana. Ka ce ba ka da ƙarfinsa, kuma ba za ka saya a ƙasa da darajarsa ba don kawai ba ta sani ba.

A hanyar komawa ban bar ka ka huta ba. Na ce, "Yaya, wallahi kai ba za ka taɓa yin arziki ba." Ka ce, "Na riƙe shi a hannuna, na ji nauyinsa, na san gaskiya ne akwai shi. Da na ɗauka, kullum na buɗe durowar nan fuskar matar nan zan gani." Gurbin nan har ka koma ga Allah ba a cike shi ba.

Sai kuma shekarar da mahaifiyata ta rasu a gida. Takarduna ba su cika ba a lokacin, in na fita ba zan iya dawowa ba, kuma bakuna da yawa a can suna jiran abin da nake aikawa. Aka binne ta ban gani ba. 'Yan uwana da suka kira ni, gaisuwar ba ta kai tsawon jerin bukatun da suka biyo bayanta ba. Ban ce ba su da uzuri ba, talauci ba ya barin mutum ya yi kunya, amma abin yana ci mini rai har yau. Mutanenmu na nan suka zo suka yi addu'a suka watse. Kai kaɗai ka gane cewa abin da nake bukata ba magana ba ce. Ka zo ka ja ni zuwa ɗakin nan, ka juye mini buhun kwabban da ba ka tantance ba, ka ce, "Raba mini masu mannewa da marasa mannewa." Na yini ina yi, hawaye yana zuba, ba ka ce mini ci kanka ba. Can cikin tarin sai ga kwabo mai huda a tsakiya, irin wanda na buɗe ido na gani a ƙulle a bakin zanen uwata. Na riƙe shi na kasa ajiyewa. Ashe kai ka jefa shi a ciki da gangan. Ka ce, "Wannan ba shi da wata daraja a kasuwa, suna da yawa. Sa a aljihu." Ko a wannan hali ba ka yi mini ƙarya ka ce abu ne mai tsada ba.

Haka kake da kowa. Ɗalibai, masu shara, direbobi, duk wanda ya tsinci wani baƙon kwabo sai ya kawo maka, ka ajiye abin da kake yi ka duba masa, ba ka taɓa karɓar ko sisi ba. Da yawa sun zo da mafarkin sun tsinci dukiya, ka gaya musu gaskiya cikin lallashi, sannan ka ba su labarin kwabon har su tafi suna jin ba su yi asara ba. Wasu daga cikin waɗanda suka fi yi maka dariya a bayan ido, na gan su a sahun gaba ranar jana'izarka. Ban hana su ba. Wataƙila su ma sun san abin da aka rasa.

Amma Yaya, ba zan yi maka adon da ba naka ba. Kai da ka buɗe wa duniya ƙofar ɗakin nan, ka rufe wa 'ya'yanka ita. Kana tsoron hannu mai maiƙo, kana tsoron a watsa maka tsari. Babban ɗanka tun yana ƙarami in ya leƙo sai ka ce ya je wajen uwarsa, sai ya girma. Ya girma, ya yi gemu, ya zama direban babbar mota, ya yi aure, ba ka ce masa shigo ba, shi ma bai ƙara leƙowa ba. Na gaya maka wannan kana da rai, ka ce akwai lokaci. Mai gugar da ka tsinta a gidan wanki ya san dokar ɗakin nan, mutanen gidanka ba su sani ba. A nan aka samu abin da aka samu.

Bayan an kai ka makwanci, gidan ya yi wa Yaya Babba girma, haya kuma ba ta san mutuwa ba. Aka yanke shawara za ta koma wurin ɗanka. Sai maganar akwatin katako ta taso, don babu inda za a sa shi. Na roƙi ɗanka ya ba ni lokaci mu zauna, ya ce to, amma ya riga ya kira wani dillalin tsofaffin kuɗi ya zo ya gani, a san abin da ake ciki. Na ce babu laifi, gani ba sayarwa ba ne. Aka sa ranar Lahadi da la'asar.

Na iso da wuri. Tun daga bakin ƙofa na ji warin maganin goge tukwane. Na shiga falo, sai na ga an shimfiɗa tawul-tawul a kan tebur da kujeru har ƙasa, kwabbanka a baje a kai, suna walƙiya kamar an zubo da taurari. Durowoyin a jingine a bango, wayam, an kakkaɓe su. Surukarka, matar ɗanka, tana durƙushe a gaban baho da soson ƙarfe a hannu, tana kan na ƙarshe. Ta ɗago da murmushi, gumi a goshinta, ta ce, "Kawu, sannu da zuwa. Ka ga yadda suka fito? Tun jiya nake yi. Na ce ba za a kawo baƙo ya ga kayan Baba da dauɗa ba, ya ce ba mu kula da shi ba."

Yaya, ban san abin da fuskata ta yi ba, amma murmushin nan ya mutu a take. Na ji maganganu sun taso mini har bakin leɓe, irin waɗanda in an faɗe su ba a janyewa. Sai idona ya sauka a kan hannuwanta. Sun yi jawur, fatar yatsun ta tattare, wani wurin ya tsage. Hannuwan nan su suka riƙa juya ka a gadon asibiti, su suka riƙa ba ka ruwa a cokali lokacin da ni nake zuwa in zauna in yi maka hira in tafi. Ta yi maka abin da ake yi wa kayan wanda ake girmamawa. Ba wanda ya taɓa gaya mata akwai abin da wanki yake kashewa. Na haɗiye maganata, na nemi wuri na zauna.

Dillalin ya zo. Ya ɗauki ɗaya, ya sa gilashi, ya ajiye. Ya ɗauki wani daga can gefe, ya ajiye. Ya tambaya ko akwai waɗanda ba a taɓa ba, aka ce babu. Ya girgiza kai ya ce da an bar su yadda suke da an yi magana, amma yanzu shi ba shi da mai saye, sai dai a kai wa masu sayen ƙarfe a kilo. Ba zan zarge shi ba, gaskiya ya faɗa, ko kai abin da za ka faɗa ke nan. Ya yi mana gaisuwar rashi ya tafi.

Surukarka ta sulale ta shige kicin, muna jin kukanta. Yaya Babba tana zaune tana jan carbi. Na ga lokacin ya yi, na juya wurin ɗanka na isar masa da saƙonka kamar yadda ka faɗa. Na ce darajar kasuwa ta tafi, amma shekara tana nan, harafi yana nan, gefe yana nan, ƙarfen bai sauya ba. Na ce in ya yarda zan koya masa abin da na sani, mu mayar da kowanne gurbinsa.

Sannan ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ni ba na son su. Tun ina yaro bayan Baba nake gani ta ƙofar ɗakin nan, ban san fuskarsa ba in yana farin ciki, sai dai in ji dariyarku daga kicin. Na yafe masa, Allah ya sani, uba ne nagari, bai taɓa barinmu da yunwa ba. Amma kada ka ce in zauna in ƙaunaci abin da ya raba ni da shi. Gobe zan kira masu kilo."

Ina da amsoshi da yawa, Yaya, amma babu ɗaya da ta fi maganarsa gaskiya. Na ce a raina shi ke nan, na kasa.

Sai surukarka ta fito tana share ido da gefen mayafi. Ta tsaya a gaban mijinta ta ce, "Ni na watsa su, ni zan mayar da su. Kada ka kira kowa." Ya ce mata ai ba laifinta ba ne, kuma ba su da sauran amfani. Ta ce ba maganar amfani take yi ba. Ta juyo wurina ta ce, "Kawu, kowane ɗaya sai da ya bi ta hannuna. Da nake wankewa na ji ba iri ɗaya ba ne. Wasu sun fi sanyi, wasu gefensu yana kama soso, wasu in suka faɗa baho kukansu daban. Na so in tambaya, babu wanda zan tambaya. In za ka koya wa mace, ga ni."

Mijinta ya dube ta, ya dubi uwarsa. Yaya Babba ta ajiye carbi ta ce, "Akwatin zai shiga ɗakina. Na zauna da shi shekara da shekaru, ba yau zai dame ni ba." Ɗanka ya numfasa ya ce, "In dai ita take so, ba zan sayar ba. Amma ni kada a kira ni." A ranar shi da kansa ya ɗauki akwatin a kafaɗa ya kai mota, ya naɗe shi da bargo kada ya ƙarzu. Wannan ma na ga ya kamata in gaya maka.

To ga inda aka tsaya. Kwabbanka ba su shiga wuta ba. Ba su kuma shiga hannun da ka zaɓa ba, kuma ba za su ƙara zama yadda ka bar su ba. Duk Lahadi ina zuwa, mu baje tawul ni da ita, Yaya Babba tana daga gefe tana yi mana tsiya. Abin da na sani bai kai rabin abin da ka sani ba, akwai da yawa da muke juyawa mu rasa inda suka dosa, mu ware su gefe. Wannan ilimin ya bi ka, babu mai dawo da shi. Amma yarinyar nan tana da kunne, Yaya. Ta fi ni. Tana yin tambayoyin da ni ban taɓa tunanin yi maka ba, kuma ba ta yarda da amsar da aka ƙaga. Shekaru tana kawo maka abinci har bakin ƙofar ɗakin nan, magajiyarka tana tsaye da tire a hannu, ba ka sani ba.

Ni kuwa na gaji, ba zan ɓoye ba. Kafaɗata ta mutu a kan rigunan mutane, garin nan bai taɓa zama nawa ba, kuma mutum ɗaya da yake sa in manta da haka ya tafi. Amma na gode wa Allah da ya sa injin nan ya shaƙe a ranar da nake bakin aiki.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Mun shaida bai ci haƙƙin wanda bai sani ba, bai kira jabu da sunan na gaske ba, bai kori mai tambaya ba. Ka gafarta masa abin da ya gaza, wanda muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka sauƙaƙa masa tambaya, ka nauyaya ma'auninsa da alheri, ka sa Aljanna ce makomarsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya Babba, wadda ta yi haƙuri da mu biyu fiye da yadda muka cancanta. Allah ya ba ki dangana, ya sa ki gama takaba lafiya. Ga babban ɗansa da ƙannensa, Allah ya haɗa kanku, ya sanyaya abin da ke zukatanku, ya sa ku riƙa tuna shi a addu'a. Ga surukarsa, 'yata, Allah ya warkar da hannuwanki, ya saka miki da alheri, kuma ki daina neman gafarata, ba ki yi mini laifin komai ba. Ga duk wanda ya taɓa kawo masa kwabo a tafin hannu ya koma da gaskiya, ina roƙon ya yi masa addu'a ko sau ɗaya.

Allah ya jiƙanka, Yaya. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.